Ta Sakkwato Ko Ta Ƙonni

"Kada ki zaɓe ta don ni, Raliya."

Raliya ta ɗago kai ta dube shi. Halliru na durƙushe a gindin motar, hannayensa sun yi baƙi ƙirin da mai, ko kallonta bai yi ba.

"Mi ka ce?"

"Na ce in Baba ya tambaye ki, ki ce ta Ƙonni."

"Ta Maccido?!"

"Ba tashi ba ce. Shi dai ya kawo ta."

A bakin tafkin Kalmalo suke, rana ta ɗan karkata. Can gefe a inuwar gawo mahaifiyarta, Inna Tasalla, tana kwance kan tabarma ido a rufe, tana nishi ƙasa-ƙasa.

A shekarun nan Turawa ba su daɗe da share hanyar mota daga Sakkwato zuwa kan iyaka ba, kuma duk Illela babu wanda ya taɓa ajiye mota a ƙofar gidansa. Malam Dabo, mahaifin Raliya, fataucin fatu da kanwa yake yi tsakanin Illela da ƙasar Faransa, wato yankin da Faransawa ke mulki a tsallaken iyaka, raƙumansa sun ishe shi. Ciwon ƙugun matarsa ne ya sa shi neman mota. Shekara uku ke nan Inna Tasalla ba ta iya hawa jaki, ga babbar 'yarta tana aure a Sakkwato, ta haifi yara biyu, ko ɗaya ba ta taɓa ɗauka ba.

Da labari ya bazu sai motoci biyu suka zo.

Ta farko daga Sakkwato, wani Balarabe mai kanti ne ya aiko da ita. Doguwa ce mai rumfar tamfol da benci biyu a baya, tana ɗaukar mutum goma har da kayansu, kuma rairayi ba ya hana ta tafiya. Fam ɗari da talatin. Halliru ne ya tuƙo ta, ɗan gidan maƙeran Kalmalo, wanda ya yi shekara shida a Sakkwato yana koyon tuƙi da gyara. An yi magana cewa idan an saye ta, shi zai zauna ya riƙa tuƙa ta. Idan ba a saya ba zai mayar da ita, maigidansa kuma ya riga ya ce Gusau zai tura shi jigilar auduga.

Ta biyu daga Ƙonni, can tsallaken iyaka, ta wani Bafaranshe ce da zai koma gida. Gajera ce, a rufe take ruf, kujerunta masu laushi, mutum bakwai take ɗauka. Fam ɗari cif. Maccido ne ya kawo ta, ɗan yayan Malam Dabo, wanda ya iya tuƙi daidai gwargwado, kuma tun ranar da Raliya ta gama takabar mijinta, shekara biyu da suka wuce, yake nemanta tana kaucewa.

Ita Halliru take so. Kowa ya sani, babu dai mai faɗa a gaban Inna Tasalla, wadda ta taɓa cewa muddin tana numfashi ɗan maƙera ba zai zama surukinta ba.

Malam Dabo ya ce tunda don mata za a saye ta, mata su hau su faɗa. Da safe Maccido ya kai su Tozai a ta Ƙonni, ya dawo da su lafiya. Da yamma Halliru ya ɗauko su zuwa Kalmalo, ana dab da tafki motar ta yi tari sau uku ta mutu.

"Don ta mutu ne kake wagga magana?" Raliya ta tambaya. "Ba ka gyara ta ba?"

"Na gyara. Ruwa anka zuba a cikin man. Motar ba ta da laifi."

"Ruwa! Wa ya zuba?"

"Ban gani ba."

"Ni na sani, kai ma ka sani! To sai mu faɗa wa Baba, a sayi taka, ka zauna..."

Ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Sai yanzu ya dube ta.

"Hasken idona, kin ga yadda munka sauko da Inna kuwa? Ni da ke da masunta biyu. Tun daga Illela nike tahiya kamar mai ɗauke da ƙwai, duk da haka kowane rami sai na ji ta ce wash. Wannan Kalmalo ce, nan kusa. Yaya za ta kai Sakkwato?"

Raliya ta waiga wajen inuwar gawo.

"Da safe a waccan fa?" ya ce. "Ta yi kuka?"

"...Barci ta yi."

"To kin gani."

"Ni kuma fa, Halliru? Ni ba ka ji wash ɗina ba? Gusau fa! Kwana nawa ne daga nan?"

"Da nisa."

"Shi ke nan abin da za ka ce? Da nisa?"

"Raliya, in na zauna a gidanku da ƙarya, duk ranar da Inna ta hau motar nan sai na ji kunyar kaina. Ke ma wata rana za ki ji."

Ta juya masa baya, ta tafi ta tayar da uwarta.

Washegari da hantsi Malam Dabo ya zauna a zaure, Maccido a damansa cikin babbar riga mai aiki, Halliru a bakin ƙofa ya cire takalmi. Raliya na tsaye bayan asabari.

Maccido ne ya fara.

"Baba, ai magana ta ƙare. Kowa a Illela ya ji yadda ta bar Inna a daji. Da ma na ce wanda ya tashi a bakin maƙera, fartanya ya sani, ba mota ba."

Malam Dabo ya dubi bakin ƙofa. "Halliru, mi ya kashe ta?"

"Ruwa a cikin mai, Malam."

"Wa ya sa?"

"Ban ga kowa ba, ba kuma zan ɗora wa kowa ba."

"To. Ka ajiye cewa kai ka kawo ɗaya. In kuɗinka ne, wace za ka saya?"

"In don kaya ne, ta Sakkwato. Ta fi ƙarfi, da damina ma za ta wuce inda waccan za ta kafe. Tayarta da ƙarafunta akwai su a kanti a Sakkwato. Amma tana shan mai, garwa ɗaya da rabi kafin ta kai birni. Ta Ƙonni garwa ɗaya ba ta ƙarewa."

"Ta Ƙonnin, aibinta fa?"

"In taya ta fashe sai an aika ƙasar Faransa, a jira wata guda ko fiye. Kuma ba ta son rairayi mai zurfi, sai direba ya san inda zai bi. Ku ce wa Bafaranshen ya haɗa muku da taya biyu kafin ya tahi, ko da zai ƙara wani abu a kan kuɗin."

"Ban tambaye ka wa'azi ba. Wace?"

"Don Inna za a saya, Malam. Ta Ƙonni."



Malam Dabo ya juya wajen asabari. "Raliya, uwarki ta ce ke za ki faɗa. Kin san abin da ke tare da kowace."

Ta sani. Ta kama bakin mayafinta ta murɗe shi a yatsa har ya yi mata zafi.

"Ta Ƙonni, Baba."

Ta koma cikin gida ta ci gaba da tankaɗen da ta bari. Bayan azahar ta ji ƙarar doguwar motar tana fita gari ta hanyar Sakkwato. Ba ta leƙa ba.

An sayi ta Ƙonni da taya biyu a kai. Maccido ya zama direba, ya kuma ɗauka cewa sauran maganar ma ta zo hannu. Sati bai cika ba ya tare ta a tsakar gida.

"Ƙanwata, kin ga dai yadda ya sallama ki ko gardama babu. Mai sonki da gaske zai yi haka? Ni kuwa babu abin da ban yi ba don in same ki."

"Har da ruwa?"

Ya yi dariya. "Wane ruwa?"

"Wanda ya bar uwata a daji da ciwon ƙugu."

"Ai na san ba nisa za ku yi ba..."

Ya ji abin da bakinsa ya faɗa, amma maganar ta riga ta fita. Daga cikin ɗaki Inna Tasalla ta yi gyaran murya.

"Maccido."

"Na'am, Inna."

"Ajiye mabuɗin nan a kan turmi, ka gai da mutanen gidanku."

Da ya fita ta kira Raliya ta zauna a bakin gado.

"Ranar nan a Kalmalo ba barci nike ba. Wa ke barci da irin wanga ciwo? Duk na ji ku."

Raliya ta sunkuyar da kai.

"Na ce ɗan maƙera ba zai zama surukina ba. A gaban mutane na faɗa, kuma ban manta ba." Ta gyara kwanciya da ƙyar. "Kakanki malami ne, ubansa ma malami. Za a yi da ni a gari."

"Na sani, Inna."

"Har yanzu kina sonshi?"

Raliya ta shiga gyara bakin shimfiɗar gado.

"Ke nike tambaya!"

"Ina sonshi, Inna."

"To a yi da ni. Kira mini ubanki."

Malam Dabo bai amince a ranar ba. Yayansa, mahaifin Maccido, ya zo har gida ya yi faɗa, ya ce an fifita bare a kan ɗan gida, ya rantse ba zai taka wurin ɗaurin auren ba, bai kuwa taka ba. Wasu dangin sun daina gaisuwa. Motar ta yi wata biyu a ƙarƙashin rumfa babu mai tuƙa ta, kaji na kwana a ƙarƙashinta, kullum kuma Inna Tasalla sai ta tambayi mijinta ko ya sami direban da ya fi ɗan maƙeran da ya bari ya tafi Gusau. A ƙarshe ya ba wani mai raƙumi saƙo zuwa Gusau wurin Halliru, layi ɗaya da ajami: ka turo magabatanka.

Sun zo su huɗu daga Kalmalo, da goro da sabbin lauje guda biyu na gaisuwa. An ɗaura aure bayan girbi. Ranar da aka kai amarya, da mutane suka watse, Halliru ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga.

"Kina fushi har yanzu?"

"Ƙwarai."

"Har yaushe, masoyiya?"

"Shigo tukuna, sai mu yi ciniki."

Sati biyu bayan biki aka shirya tafiya Sakkwato. Nan wata matsala ta taso wadda babu wanda ya hango. Direba ya zama suruki, suruka kuwa ba ta hira da mijin 'yarta, ba ta ma kiran sunansa. Inna Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shiga kujerar baya da ƙafarta, babu wanda ya ɗaga ta. Raliya ta zauna kusa da ita. Halliru ya kafa ido a hanya, ko waiwaye bai yi ba.

Sun wuce gonakin Darna Sabon Gari babu mai magana. Motar na tafiya a hankali, yana kauce wa kowane rami tun daga nesa, har wani mai jaki ya yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da su.

Inna Tasalla ta taɓa gwiwar 'yarta.

"Raliya."

"Na'am, Inna."

"Ki ce wa mai motar nan..."

Halliru ya ɗaga ƙafa daga kan mai, ya ƙara rage gudu.

"...ki ce mishi ni ba ƙwai ba ce. Ya taka ta, ina son in ga jikokina kafin la'asar."