Madubin Mai Aski

"Dalili ɗaya nake so, Auta! Ɗaya tak!" Yaya ya daki tebur. "Me kika gani a jikin mai aski?"

Auta ta buɗe baki, ta rufe. Ita da ba a taɓa kayar da ita a musu ba, yau harshe ya yi mata nauyi. Ga shi tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Abba ta tafi da maganarsa, Yaya ke da wuƙa da nama a gidan. In ya ce a'a, zancen aure ya mutu.

"Ba zai faɗu ba, Yaya..."

"To, ba na aurar da ƙanwata a kan abin da ba ya faɗuwa."

"Wallahi ko shekara goma za ka yi kana tambaya, shi nake so! Zauna ka gani, yau ranar askin Abba ce."

Ya zauna, yana cika yana batsewa.

Mai askin ya yi sallama, ya durƙusa gaban kujerar Abba. Ya gwada ɗumin ruwan a bayan hannunsa, ya tallafi kuncin da ya saki da yatsu biyu. Yana aski yana ba Abba labarin ƙwallo, yana dakatawa kamar mai jiran amsa. Da ya gama, sai ya zaro madubi.

"Kai! Mayar da shi!" Yaya ya zabura. Shi ne ya sa aka kwashe duk wani madubi na gidan, wai kada Abba ya ga yadda fuskarsa ta karkace.

"Yi haƙuri, Yaya. Ba na sallamar mutum bai duba aikina ba."

Abba ya karɓa da hannunsa mai lafiya. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya nuno wani ɗan gashi a ƙarƙashin kunne, ya watso irin hararar da yake yi wa su Yaya suna yara.

"Ka kama ni, Abba!" in ji mai aski.

Abba ya yi dariya da rabin baki. Shekara biyu rabon Yaya da jin wannan dariyar, sai ga hawaye shar a fuskarsa.

Auta ta naɗe hannu, nata idon ma ya cika. "Me ya sa ka kuka, Yaya? Dalili ɗaya nake so. Ɗaya tak!"

Yaya ya buɗe baki, ya rufe. Can ya dubi mai askin.

"Ka turo manyanka..."