Jinin Tsohon Saurayi

Boakye ya shigo gidan surukarsa a unguwar Bantama gumi sharkaf, ya tarar da Maame Dufie tana zuba wa wani baƙo fufu da miyar gyaɗa. Ƙeyar baƙon kawai ya gani ransa ya ɓaci. Frimpong ne mai shagon tayoyi, wanda ya riga shi neman matarsa Oforiwaa, wanda har yau tsohuwar ke kira "ɗana".

"Maame, asibiti sun ce sai mutum biyu sun ba da jini kafin a yi mata aikin haihuwar. Ƙanena ya bayar. Ni sun ce zazzaɓin da na yi ya shanye nawa."

"Na ji labari," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba. "Miji guda, ko jinin kirki babu. Ga mai bayarwa nan, bari ya gama cin abinci."

Frimpong ya lashe yatsa. "Direba, kwantar da hankalinka. Kyauta ne."

"Jininka a jikin matata? Ina raye?"

Ya fice fuu. Kishi ya rufe masa ido, har yana hango jaririn da hancin Frimpong. Ya zagaye tasha kaf yana roƙon 'yan'uwansa direbobi. Wani ya ce ƙarfinsa zai tafi, wani yana tsoron abin da gwaji zai tono, wani kuma tun safe ya sha giya.

Da ya koma asibiti hannu rabbana, ya sami Oforiwaa kwance, leɓɓanta fari fat.

"Ka samo?"

"Uwarki ta samo miki masoyinki."

Hawaye suka gangaro mata. "Boakye, so take ka ƙi, ta ce wa dangi kishinka ya kashe ni. In na rayu kuma ta raba mu. Ni dai ina son in ga ɗana."

Kunya ta kama shi har ƙafa. Ya koma Bantama, ya tsaya gaban mutumin da ya fi tsana a duk Kumasi, ya buɗe masa ƙofar mota da hannunsa.

"Don Allah, zo mu je."

Yana tsaye aka cika leda da jinin Frimpong. Sai ya ga nas ta ɗauki ledar ta yi hanyar ɗakin ajiya.

"Sista, ba ga ɗakin matata can ba?"

"Wannan ai sai an tantance shi, na wani ne can gaba. Madadin wanda asibiti zai ba ta kuka kawo. Matarka wanda ke firij za a sa mata, kuna cika biyun nan aka shiga da ita."

"To na wa za a sa mata?"

"Oho. Wani bawan Allah."

Maame Dufie, da ta biyo su asibiti ta kuma shirya yi masa gorin jinin nan har ƙarshen rayuwa, ta nemi benci ta zauna. Boakye kuwa ya jingina da bango yana kuka, don yinin da ya ɓata yana gardama a kan jinin da ko kusa da matarsa ba zai je ba.

Da la'asar aka miƙo masa 'ya mace, uwar kuma tana barci lafiya. Tun daga ranar ya gane cewa kishin da zai sa ka tsaya jayayya matarka tana kwance ba so ba ne, son kai ne. Da ya ƙara awa guda yana fushi, da shi da Frimpong duk gawa za su raka.