Bargon Toka

A wani ƙauye da ke kan duwatsun Sa Pa, can wata ƙasa mai nisa, an yi wata yarinya 'yar aji biyar wadda ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Innarta ta ce ta taɓa gani, amma a lokacin tana goye a baya tana barci. Yarinyar ba ta sa wannan cikin lissafin gani.

A makarantarsu akwai Ƙungiyar Masu Duban Yanayi. Sunan ya fi ƙungiyar girma. Yara biyar ne da malaminsu, Malam Khiem. Suna da ma'aunin sanyi da aka kafe a jikin ginshiƙi, da gwangwanin madara na tarar ruwan sama. Suna kuma da tsohuwar safa da aka ɗaura a kan gora, don ta nuna inda iska ta nufa. Safar ta Malam ce. 'Yar'uwarta dai ba wanda ya san inda take.

Malam Khiem mutumin gangare ne, can ƙasar zafi ta bakin teku. Shi ya roƙa a turo shi kan dutse don ya ga dusa da idonsa. A shekarar da ta sauka sosai, ya tafi gida bikin ƙanwarsa. Ba ya son a tuna masa.

Bana ma sanyi ya kusa ƙarewa. An gama bikin sabuwar shekara. Itatuwan marmarin da ake kira dao sun fara kumburo fure. Kowa ya san in furen nan ya buɗe, to, sai kuma baɗi.

Kullum da safe yarinyar takan duba ma'auni, sannan ta ɗaga kai ta duba sama. Sama kuwa ba ta cewa komai.

A gida, kakanta yana da nasa ma'aunin. Gwiwarsa ce.

"Gwiwata ta ce za a yi dusa," in ji shi, yana jin ɗumi a bakin murhu.

"Kaka, bara ma haka ta ce."

"Bara ta hagu ce ta yi magana, Malamar Sama. Wannan ta dama ce. Ba ta ƙarya."

Inna tana turara dambun masara. Hannuwanta sun yi shuɗi saboda rini. Ta ce, "Ku yi ta kiranta. Dusa abin wasan 'yan birni ce. Su hawo da motoci su ɗauki hoto, su bar mu da mushen dabbobi."

Inna ba wasa take yi ba. Tun farkon sanyi baban yarinyar ya kora ɓaunayensu na noma zuwa kwari, inda akwai ɗumi da ciyawa. Haka mazan ƙauyen suke yi kowace shekara. Ɗan maraƙi ɗaya kawai ya bari a gida, don ya ji ciwo a ƙafa, ba zai iya tafiyar ba. Sunansa Toka.

Ranar tafiya, babanta ya kira ta garke. Ya nuna mata bargon da Inna ta ɗinka wa Toka. Tsohon zanen rini ne baƙi ƙirin, an yi masa ciki da buhuna, an sa masa igiya.

Ya ce, "Daga yau ke ce uwarsa. Ki ba shi harawa da ruwan ɗumi. Kuma kada ya kwana ba bargo. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

Ta kuwa riƙe. Toka ya saba da ita. Da ya ji tafiyarta sai ya miƙo jiƙaƙƙen hancinsa ta tsakanin katako.

Wata ranar Alhamis Malam Khiem ya shigo aji da sauri, har ya manta da alli.

"Rediyo ta ce wata iska mai tsananin sanyi tana tahowa daga arewa. Ƙila ita ce ta ƙarshe a bana. 'Yan ƙungiya, mu haɗu da yamma a filin makaranta. Kowa ya zo da baƙin ƙyalle."

Wani yaro mai suna A Lenh ya ɗaga hannu. "Malam, makoki za mu yi?"

"A kan baƙi ake ganin ƙwayar dusa da kyau. Kowace ƙwaya tana da hannaye shida, kamar fure."

"Ka gani, Malam?"

Malam ya gyara tabarau. "Na gani a littafi."

Yarinyar ta koma gida a guje. Ta roƙi Inna aron zane ɗaya.

Inna ta ce, "Zanen da na yi wata da watanni ina tsomawa a baba? Shi za a shimfiɗa a ƙasa don sama ta tofa masa yawu? Ki je ki ba Toka abinci."

Yarinyar ta je garke. Ta zuba harawa. Toka ya sunkuya yana ci, bargonsa yana sheƙi a bayansa. Baƙi ne. Faffaɗa ne. Duk ƙungiyar ba mai samun kamarsa.

"Aro kawai," ta raɗa masa a kunne. "Kafin duhu na dawo da shi."

Toka bai ce a'a ba. Bakinsa cike yake.

A filin makaranta, wata yarinya mai suna Sua ta zo da ɗan kallabi. A Lenh ya zo da lemar babansa mai karyayyen ƙarfe. Da yarinyar ta warware bargon, sai kowa ya ce, "Kai!"

Malam ya ce, "Madalla! Wannan ai ko dusar shekara uku ce zai ɗauke ta."

A Lenh ya toshe hanci. "Amma Malam, wari yake yi."

"Kimiyya ba ruwanta da wari," in ji Malam.

Suka shimfiɗa shi, suka danne da duwatsu. Suka zauna suka ɗaga kai.

Ma'auni yana ta sauka. Safar Malam tana ta kaɗawa. Yarinyar ta ƙura wa gajimare ido har wuyanta ya ƙage. A zuciyarta tana cewa, ko guda ɗaya. Ko ƙwaya ɗaya tak, in gani in huta.

Wani farin abu ya taho yana lilo a iska. Duk suka miƙe tsaye. Ya sauka a kan bargon a hankali.

Gashin kaza ne.

Da rana ta kusa faɗuwa, sai iska ta tsaya cak. Gajimare ya yaye. Malam ya ce kowa ya tafi gida. Yarinyar ta sunkuya za ta naɗe bargon.

A Lenh ya ce, "Ke, bar shi mana! In ta sauka muna barci fa? Da safe sai mu tarar da ita a kai."

Ta tsaya riƙe da gefen bargon. Ta tuna da Toka. Ta kuma tuna da hannaye shida. Ta ce a ranta, dare ɗaya ne, kuma ai yana da gashi. Ta mayar da dutsen.

A gida Inna ta tambaye ta, "Kin rufe Toka?"

"Na ba shi harawa," in ji ta.

Gaskiya ce. Sai dai ba abin da aka tambaye ta ke nan ba. Dambun ranar bai yi mata daɗi ba.

Da gari ya waye ta buɗe ƙofa. Ko'ina fari fat! Rufin gida, shinge, gonakin shinkafa da ke hawa-hawa a jikin dutse.

"Ta zo! Kaka, ta zo!"

Kaka ya leƙo, ya dangwali farin abin da yatsa. Ya girgiza kai.

"Wannan ba daga sama ta faɗo ba. Raɓa ce ta daskare. Ba ta da kyan gani kamar waccan, amma ta fi ta mugunta."

Sai suka ji muryar Inna daga garke. Ba kira take yi ba. Ihu ne.

Toka yana kwance a ƙasa. Jikinsa yana ɓari. Ƙafafunsa sun sandare. Da ya ga yarinyar ya yi ƙoƙarin ɗago hanci, ya kasa.

"Ina bargonsa?" in ji Inna.

Yarinyar ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. "Yana makaranta. Ni na ɗauka. Na ce aro ne."

Inna ta dube ta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi.

"Kukan ya jira. Kawo itace."

Kaka ya hura wuta a bakin garke. Inna ta dama kunun shinkafa, ta sa gishiri da citta. Suka toshe ɓarakar katako da buhuna. Kaka ya daka citta ya ɗumama, ya nuna wa yarinyar yadda za ta riƙa murza ƙafafun Toka. Ta tuɓe rigar sanyinta ta lulluɓa masa. Rigar ba ta rufe ko rabinsa ba.

"Kaka, zai mutu?"

Kaka bai yi maganar gwiwa ba. Ya ce, "Ki ci gaba da murzawa."

Da hantsi sai ga Malam Khiem yana haki, ɗauke da bargon a ka. Bargon ya ƙandare kamar busasshiyar fata. Sua ce ta faɗa masa ko na wane ne.

Ya gaida Kaka da Inna, ya ce, "Ku yi haƙuri. Ni ma ina da laifi. Na yaba baƙin bargo, ban tambayi mai shi ba."

Suka rataye shi kusa da wuta har ya yi laushi ya bushe. Yarinyar ta ɗaura wa Toka da hannunta. Ta ƙulla igiyar, ta sake ƙullawa.

Ranar Toka bai ci komai ba. Washegari ya lashi kunu kaɗan daga tafin hannunta. Da an tashi makaranta sai ta wuce garke. Ta daina ɗaga kai sama. Ko ma'aunin ma A Lenh ta bar wa.

Wata safiya ta shigo da ruwan ɗumi. Sai ta ji jiƙaƙƙen hanci a wuyanta. Toka ne a tsaye! Ƙafafunsa suna rawa, amma a tsaye yake. Har ya fara cin igiyar bargonsa.

"Inna! Ya tashi!"

Inna ta zo ta gani. Ta dafa kan yarinyar da shuɗin hannunta.

"Kin ga abin da nake faɗa? Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari."

"Na gani, Inna. Ba zan ƙara ba."

Wata ranar Lahadi 'yan ƙungiya suka zo gaida marar lafiya. Malam ya kawo masa rake. Furen dao ya fara buɗewa, kowa ya riga ya haƙura. Rediyo ta ce sanyi ya wuce. Gwiwar Kaka ma ta ce haka, hagu da dama.

Yarinyar ta fito da Toka tsakar gida don ya miƙe ƙafa. Sama ta yi duhu-duhu, amma ba wanda ya kula.

Sua ta ce, "Toka ya kwaso gashin kaza a baya."

Yarinyar ta kai hannu za ta kaɗe. Sai ta tsaya. Ta matso da fuskarta, ta riƙe numfashi.

"Malam," ta ce a hankali. "Zo ka ƙirga."

Malam ya zo ya sunkuya. A kan baƙin bargon akwai wani ɗan farin abu, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wani ya sauka kusa da shi. Sannan wani.

"Ɗaya, biyu, uku..." in ji Malam. Ya cire tabarau ya goge. "Shida ne. Ashe littafin bai yi ƙarya ba."

A Lenh ya ce, "Ita ke nan? Wannan 'yar mitsitsiyar muka yi ta jira?"

"Ita ke nan," in ji Malam. Bai ɗauke idonsa ba.

Ba ta daɗe ba. Duk abin da ya sauka bai isa cika cokali ba. Ba motar da ta hawo daga birni. Amma su shida sun kewaye ɗan maraƙi suna kallo, shi kuma yana ta tauna rakensa.

Kaka ya ce daga bakin ƙofa, "Da ma na ji ta dama tana ɗan motsi."

Da ɗumi ya dawo, babanta ya koro ɓaunaye gida. Tun kafin ya ajiye kaya ta faɗa masa duk abin da ya faru, ba ta rage komai ba. Ya shafa ƙafafun Toka ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dube ta.

"To, me kika koya, uwar Toka?"

Ta ce, "Ba laifi ba ne mutum ya so abu ya yi ta jiransa. Amma kada jiran ya sa ka saki amanar da ke hannunka."

Babanta ya yi murmushi. "Baɗi ma ke za ki riƙe garke."

Har yanzu tana cikin Ƙungiyar Masu Duban Yanayi. Kullum takan duba ma'auni, ta duba sama. Amma sai ta fara duba igiyar bargon Toka tukuna.