Taku Arba'in na Waziri

A shekara ta goma sha tara ta sarautar sarkin nan da ake wa laƙabi da Mai Dogon Nazari, ana tsakiyar damina, jakadun ƙasar da ke ƙetaren kogi suka iso fada. Buƙatarsu guda ce: fatakensu na gishiri da tufafi suna son masauki a gaɓar sarki, inda za su ɗaure dabbobi su jira jirgi ba mai tsangwamarsu. Su kuma za su buɗe wa fataken sarki kasuwanninsu.

Waziri aka ɗora wa aikin. Dattijo ne mai tsantseni, ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta ta sau uku. Ya hau alfadarinsa, kwana huɗu yana tafiya har garin bakin kogi, ya tsaya gindin wata tsohuwar tsamiya, ya taka da ƙafarsa zuwa bakin ruwa. Taku arba'in cif. Ya ce a ransa, wannan ɗan fili ai bai kai a yi dogon zance a kansa ba. Ya rubuta cewa daga tsamiya har bakin ruwa na baƙi ne, sarki ya buga hatimi. Hakimin garin yana can rangadin ƙauyuka, Waziri bai ga dalilin jiransa ba. Masu jirgi na tsaye suna kallon tsoho yana ƙirga taku. Bai tambaye su komai ba, su ma ba su san me yake aunawa ba.

Hakimin nan ƙanen sarki ne, autansu. Mahaifinsu ya rasu yana goye, a gidan Waziri ya tashi, Waziri ne ya koya masa riƙe alƙalami, shi ya ɗora shi kan doki ranar farko. Don haka da rani ya yi, labari ya zo cewa hakimi ya tare ayarin baƙi da mashi ya hana su sauka, sai da Waziri ya dafa bango.

Fada ta ɗau zafi. Madawaki, shugaban mayaƙa, ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, in kowane hakimi zai zaɓi maganar sarki da zai bi, to ba ƙasa muke da ita ba, tarin garuruwa ne. Baƙi za su ce hatiminka bai wuce ƙofar fada ba. A ba ni mutum dubu in kawo shi a ɗaure."

Sarki ya auna lamarin hakimi. Ƙanensa ne, amma alkawari da wata ƙasa ba abin wasa ba ne, warware shi yaƙi ne. Waziri ya durƙusa ya roƙi kwana goma kafin a buga tambarin yaƙi. Aka ba shi.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, Waziri ya isa gindin tsamiyar. Ya duba gabansa, babu ruwa. Inda ya bar kogi yana tumbatsa, yanzu gonaki ne shimfiɗe iya ganinsa, albasa da alkama da kabewa, mata na ban ruwa da ƙwarya. Ya sauka ya soma ƙirga taku kamar yadda ya yi a da. Ya wuce arba'in, ya wuce ɗari biyar, a wajen dubu biyu ya daina, ruwan kuwa har yanzu yana can nesa yana ƙyalli. Kowane rani kogin kan janye ya bar wa garin wannan ƙasa mai laka, ita ce abincinsu na shekara. Duk yaron garin ya san haka. Waziri, mutumin tudu da ya ƙare rayuwarsa a zauren fada, shi kaɗai bai sani ba, kuma ya ba da ita duka da alƙalami ɗaya.

Nan hakimi ya same shi zaune a kan kunyar gona, rigarsa duk laka. Hakimi ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, ka sha hanya. Da ka aiko ai ni zan zo."

"Da ka zo, da sarƙa za a tarbe ka. Me ya sa ba ka rubuto ka ce Waziri ya yi kuskure ba?"

Hakimi ya sunkuyar da kai. "Na ga takardar, na gane rubutunka. In ce wa fada wanda ya rene ni bai san kogi ba? Gara a ce ni ne mai taurin kai."

Waziri ya ji ƙwalla ta cika masa ido, tausayi da kunya suka haɗe masa. Ya dafa kan hakimi kamar yadda yake yi yana ƙarami. "Ashe har yanzu ba ka da wayo. Ka ɗora garinka a bakin takobi don ka rufa wa tsoho asiri? Tashi, kai ni wurin madugunsu."

Madugun baƙi mutum ne mai sanin ya kamata. Ya ce shi gona ba ta dame shi ba, a kafa masa turaku a taku arba'in ɗin, masu jirgi su riƙa ƙetarar da kayansa da wuri, ya wadatu. "Amma," in ji shi, "sarkina zai tambaya wa ya sauya magana. In sarkinku ne, ya karya alkawari. In magatakarda ne ya yi kuskure, sai mu ga an hukunta shi."

Waziri ya fahimci farashin, bai yi ciniki ba.

Ranar da wa'adi ya cika ya shiga fada, ya faɗi komai a gaban jakadu, bai rage ba. Sannan ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, hatimi naka ne, kada ya bar hannunka, gaskiyar Madawaki ce. Amma kada a ƙara buga shi a kan ƙasar wasu sai an zaunar da masu ita an ji ta bakinsu. Laifin nawa ne, a kaina ya kamata ya ƙare."

Sarki ya umarta a warware wa Waziri rawani. Dogarin da aka sa ya matso, sai Waziri ya warware da kansa, ya naɗe shi tsaf ya ajiye gaban karaga. An ce sarki ya juya fuska ga bango har tsohon ya fita.

Ba a yi yaƙi ba. Masu riƙe tarihi sun ce tun daga ranar ba a sake ƙulla yarjejeniya da baƙi ba sai hakimin yankin da dattawansa suna zaune, kuma ayari ya yi ta ƙetare kogin lafiya har zamanin jikokin sarki. Tsohon ya ƙarasa kwanakinsa a gidan hakimi, wanda bai taɓa yarda wani bawa ya zuba masa ruwan wanke hannu ba, shi da kansa yake yi.

Ni dai da na bi labarin sarakuna, na ga masu hikima da yawa sun yi kuskuren da ya fi wannan, suka bar talakawa suka biya da jininsu. Mulki kan sa mutum ya ɗauka abin da ya gani rana ɗaya shi ne duniya. Wannan tsoho shekara talatin ya yi yana waziranci ba a kama shi da kuskure ba, amma ba a tuna ko ɗaya daga cikinsu. Ranar da ya ce "ni ne" kaɗai ake tunawa.