Tayar Da Aka Liƙa Da Gam

Ranar da ya fara shigowa shagon kusoshi da ƙananan ƙarafa inda take aiki, gwiwoyin wandonsa duk datti ne. Ya tsaya gaban kantar shagon ya buɗe tafin hannu, sai da ta sunkuyo sannan ta ga abin da ke ciki.

"Irin wannan kilif nake nema," ya ce. "Mafi ƙanƙanta."

Ɗan ƙarfe ne mai buɗaɗɗen baki kamar kofaton doki, da ƙyar ya kai ƙwayar shinkafa. Ya yi mata bayani cewa shi mai gyaran firinta ne, amma ranakun hutu yana haɗa ƙananan tankokin yaƙi masu tafiya da rimot. Kowace taya tana da tsagi a bakin sandarta, nan kilif ɗin yake zama ya riƙe ta. Matsalar ita ce da ka danna shi da filaya sai ya yi tsalle ya ɓace.

"Shi ya sa kake rarrafe?" ta tambaya tana kallon gwiwarsa.

"Tun safe," ya ce, ko kunya babu.

Bayan kwana uku ya dawo. Bayan wasu ukun ma ya sake dawowa. A zuwa na huɗu ta gaji, ta ɗauko farar leda ta miƙa masa.

"Mai Asara, ka sa tayar da hannayenka a cikin wannan, ka danna a ciki. In ya yi tsalle, ina zai je?"

Ya daɗe yana kallon ledar, sannan ya kalle ta. Da yamma saƙo ya shigo wayarta, don lambar shagon tata ce:

"'Yar Kanta, yau ko ɗaya bai gudu ba. Amma gobe zan zo saye. Kada ki tambaye ni dalili."

Ta rubuta masa: "Ban tambaya ba. Ka zo da wando mai tsabta."

Wata bakwai suka yi a haka. Kilif ya taru masa cikin gwangwani har ya rasa yadda zai yi da su. Ta faɗa masa komai nata, har da cewa Baba tsohon makanikin soja ne wanda ya shekara ashirin yana gyaran tankoki na gaske. Abu ɗaya ta ɓoye, kuma shi ne ya kamata ta fara faɗa.

Ranar da zai je gaishe da iyayenta, shi da wayonsa, sai ya rungumo tankarsa mafi kyau cikin kwali. A tunaninsa makaniki zai ji daɗin ganin aikin hannu. Da safen nan wata taya ta kwance masa, ya yi gaggawa bai sa leda ba, kilif ya tashi sama. Gwangwanin yana can ƙarƙashin tarkace, lokaci kuma ya ƙure. Sai ya ɗiga gam ya liƙa tayar, ya ce wa zai lura.

Da ta ga abin da ya fito da shi daga kwalin, ta yi masa alama ya mayar. Mama ta tashi tsam ta bar falon. Shi ko bai gani ba, ya ajiye tankar a kan tayil ya danna rimot. Ta yi gaba tana ƙara, ta juya gaban kujerar Baba, sai tayar nan ta fice ta gangara, sarƙar da ke kewaye da tayoyin ta zube, tankar ta tsaya tana kuka a wuri ɗaya.

Baba ya sunkuya ya ɗauki tayar. Ya juya ta, ya kankare bakin da farce.

"Ina kilif ɗin?"

"Ya ɓace ne, Baba. Na ɗan sa gam, ɗaya ne kawai..."

"Ɗaya ne kawai," Baba ya maimaita a hankali. Ya ajiye tayar a hannun kujera. "Kwashe kayan wasanka. Kada ka sake taka min gida, kada ka sake zuwa inda take aiki."

A bakin ƙofa ta faɗa masa, tana kuka tana jin haushinsa da na kanta. Tana da yaya, shi kaɗai ne namiji a gidan, direban tanka. Baba da hannunsa ya duba tankar da zai fita da ita. Ana cikin aikin aka kira shi, ya bar makullin sarƙa ɗaya bai duba ba, ya ce ai ɗaya ne. Sarƙar ta fita a filin daga, inda babu wurin ɓuya. Cikin waɗanda ke tankar babu wanda ya dawo. Ba wanda ya taɓa ɗora wa Baba laifi, shi ya ɗora wa kansa, shekara tara ke nan.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Me ya sa ka sa gam?" ta ce, ta rufe ƙofa.

Watannin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Baba ya daina cin abinci tare da su. Wani ɗan abokinsa, likitan haƙori mai yawan murmushi, ya fara zuwa gaisuwa duk mako. Baba bai ce mata dole ba, cewa kawai yake, "Uwata, wannan ba ya wasa da abin da ya kashe mutane." Ita kuwa ta ba likitan haƙuri tun zuwansa na biyu, amma ya ci gaba da zuwa, shi da murmushinsa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne labarin da wata abokiyar aikinta ta kawo mata, wai an ga Mai Asara a shagon ƙarafa na ƙarshen layi, inda wata doguwa take tsaron kanta. Ta rubuta masa:

"Ashe kanta kake so, ba mai kanta ba. Allah ya sa ta ba ka leda."

Amsar ta zo nan take: "Babanki ya hana ni shagonki, ban taka ba. Sandunan taya na je saye, gam ya ɓata na da. Ko fuskarta ban sani ba. 'Yar Kanta ɗaya gare ni, kuma na cuce ta."

Ta karanta saƙon har ta haddace.

Wata Asabar da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidan, da kwalin nan a hannu. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya durƙusa.

"Baba, ka hana ni, na sani. Ban zo kunna ta ba. Na kwance ta gaba ɗaya na sake haɗawa, kowace taya da kilif ɗinta. Saura wadda na liƙa. Na zo ka duba sauran, in ka yarda da su ka sa na ƙarshen da hannunka. In ba ka yarda ba, ba za ka ƙara ganina ba."

Makaniki dai makaniki ne, hannunsa ya riga bakinsa. Baba ya karɓi tankar ya koma falo ya zauna, saurayin ya biyo shi, Baba ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ja da yatsa, ya gama ya sake bi daga farko. Sannan ya karɓi filaya da ɗan kilif ɗin. Hannun da ya shekara ashirin yana juya manyan ƙarafa bai saba da ƙaramin ƙarfe haka ba. Ya danna, kilif ya yi tsalle, ko ƙarar faɗuwarsa ba a ji ba.

"Akwai wasu da yawa, Baba," saurayin ya ce.

Baba bai ji shi ba. Ya sauka ƙasa ya kama rarrafe, yana shafa tayil da tafin hannu, yana leƙa ƙarƙashin kujera. "Yana nan," yake cewa, "bari na duba, minti ɗaya, bari na duba." Mama ta toshe baki a ƙofar kicin. Tun rasuwar ɗansa ba wanda ya ga hawayensa sai ranar.

Ita ce ta je ta ɗauko farar leda. Ta durƙusa kusa da shi, ta sa tankar a ciki, ta kama hannayensa ta shigar.

"Baba, a nan ciki. Ba inda zai je."

Saurayin ya miƙo wani kilif, ya riƙe tayar ta bayan ledar. Sau biyu yana tsalle yana faɗowa cikin leda. A na uku aka ji ƙas. Baba ya ja tayar, ya sake ja, ba ta motsa ba.

"Ka turo manyanka," ya ce, bai ɗago ba. "Amma wannan abin ba zai yi tafiya a gabana ba har na mutu."

An ɗaura aure bayan wata biyu. Baba bai yi dariya ba ko sau ɗaya, kujerar da ke gefensa kuma ya hana kowa zama a kanta. Da za a tafi da amarya, ya kira angon gefe, ya ciro wata takarda a naɗe daga aljihu. Kilif ɗin da ya ɓace daga hannunsa ranar nan ne. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana nemansa.

"Na samo shi," ya ce. "Ita kaɗai ta rage min. Kada ka taɓa ce min ɗaya ce kawai."

Ya dafa kan 'yarsa. "Allah ya yi muku albarka, Uwata. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya tsare ku duk inda kuka sa ƙafa."

Angon ya ce amin, ya rufe hannunsa a kan takardar gam, bai buɗe ba har suka isa gida.