Kwana Arba'in na Baba Tsoho

"Baba, don Allah a ƙara masa ko da mako guda ne…"

"Makon me, Najaha? Yau kwana arba'in da rasuwar mahaifina. Mutanen Kurni sun zo gaisuwa, na Dawce sun zo. Shi Yasin ɗin naki ya fi kowa ne? In rana ta faɗi bai tako gidan nan ba, gobe zan mayar wa iyayensa goronsu."

Baba Bawa, ƙanen mahaifinta, ya shuri takalmansa ya fice. Mutum ne da in ya kafe, ko jaki sai ya sallama masa.

Najaha ta sake kiran lambar Yasin. A kashe. Wata huɗu ke nan da Yasin ya tafi haƙar zinariya Jado, inda babu rezon waya, inda rami ke rufta wa mutum ba a ji ba sai bayan wata. Ta rasa wanne za ta ji tsoro, ko ya manta da ita, ko ba ya duniyar.

Da Baba Tsoho na nan, da tuni ya kashe wutar da dariya. Sunansa Malam Idrisa, kakanta ne, amma shi ta sani uba tun tana goye. Da kuɗin raken garkarsa, lambun da yake nomawa, ya ciyar da rabin unguwa, bai taɓa dawowa kasuwar Matameye hannu rabbana ba. "Amaryata" yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Yasin kuwa "ɓarawon amarya", kullum sai sun yi faɗan wasa a zaure.

Bayan la'asar aka watse daga sadaka, aka naɗe tabarmi. Rana ta yi ja, har yanzu babu Yasin.

Sai ga ƙarar babur a ƙofar gida, da wata murya cike da dariya.

"Salamu alaikum! Ina tsohon nan mai rowa? Fito, ɓarawon amarya ya dawo!"

Najaha ta yi sauri ta isa zaure. Yasin ne, ya rame ya yi baƙi, ko gidansu bai biya ba. Bargo sabo na rungume a ƙirjinsa.

"Najahata, ina yake? Ya ce sanyin garka na damunsa, ga…"

Ya ga idanunta. Ya dubi buzun da ke jingine a bango, babu mai shi.

"Yasin… yau kwana arba'in."

Bargon ya sulale ƙasa. Yasin ya durƙushe, ya yi salati, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

"Ban sani ba… wallahi ban sani ba. A gafarce ni."

Baba Bawa ya shigo ya tsaya a kansu. Najaha ta runtse ido tana jiran hukunci.

"Kwana arba'in ina karɓar gaisuwa," ya ce. "Kowa cewa yake marigayi. Kai kaɗai ka kira shi kamar zai amsa."

Ya sunkuya ya ɗago Yasin, ya goge nasa hawayen da hannun riga.

"Tashi mu je maƙabarta ka gaishe shi kafin magariba. Ke kuma bar kukan nan haka. Ba inda goron zai je."