Mai Cinye Daɗin Miyar Saudatu

Ranar da abin ya fara Laraba ce, kwana tara da buɗe gidan abincin. Rana ta yi ja ta bayan duwatsun Bwari, masu babur sun fara kunna fitila. Shagon ba wani babba ba ne. Falon gidan da suke haya Saudatu ta fasa wa ƙofa ta titi, ta zuba teburan roba huɗu, ta rataya labule. Mijinta Sale direba ne a wani gida a Maitama, can yake kwana, sai ƙarshen wata suke ganinsa. Daga ita sai 'yarta Kauthar, mai shekara goma sha bakwai, wadda ke kai wa mutane abinci.

Wani makanike mai suna Zacharias ne ya fara magana. Loma biyu ya yi ya ture kwanon.

"Madam, wannan miya ba shi da gishiri, ba shi da komai. Kamar ruwan famfo."

Saudatu ta ji haushi, don da la'asar ta ɗanɗana miyar kukar nan, har sai da ta lashe cokali. Ta koma ta ɗiba ta kai baki. Lami. Ga kauri, ga mai, ga nama, amma kamar wani ya tsotse daɗin ya bar mata launin.

Washegari ta ƙara daddawa. Ranar Juma'a ta ƙara gishiri da yaji. Da rana abinci lafiya lau, da zarar inuwa ta kai bakin titi sai komai ya mutu, tuwo, shinkafa, har zoɓo.

Sai kuma Kauthar ta canza. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya, sai ga ta ta ɗauki tire ta tsaya cak tsakiyar shago tana kallon teburin kusurwa, inda babu kowa. Wata yamma 'yan mata uku daga makarantar lauyoyi suka zauna suna jira. Kauthar ta wuce su da abincinsu, ta jera shi a teburin nan, ta durƙusa ta zuba ruwan wanke hannu.

"Hajiya, mun fi rabin awa a nan fa," in ji ɗayarsu. "Yarinyarki kujera take ba abinci?"

Suka tashi suna dariya. Ɗaya ta ɗauki hoton kwanon da wayarta, ta ce za ta sa mutane su gani kada su wahalar da kansu. Ta kuwa sa. Cikin mako guda ƙafa ta ɗauke.

Ba rashin masu saye ne ya hana Saudatu sukuni ba. Ana kiran magariba sai tsakuwa ta fara sauka kan kwanon rufi, ɗaya, shiru, ɗaya. Ta leƙa, babu yaro ko guda a layin, gidajen maƙwabta duk a kulle, kowa na bayan ƙofarsa. In ta shiga ɗaki yin salla sai ta riƙa jin ƙarar cokali yana kankare kwano a shago, a hankali, irin cin wanda ba ya sauri. Kauthar ta daina cin abinci. Wuyanta ya zurma, idonta ya faɗa.

Ta kira Sale. Ya ce, "Oga zai fita yanzu, zan kira ki." Bai kira ba.

Ran Lahadi da yamma tana share shagon, Kauthar na zaune a kusurwa, kai a sunkuye. Sai ta ji an ce, "Saudatu." Muryar tsohuwa ce, a shaƙe. Daga bakin 'yarta ta fito, yarinyar da tun da ta iya magana ba ta taɓa kama sunanta ba.

"Saudatu, yau ba ki zuba ba."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta.

Malam Badaruddeen mutumin Katsina ne, kankana yake sayarwa a kasuwar Zuba, amma an san shi da ruƙya. Saudatu ta aika masa, washegari ya iso gab da faɗuwar rana, da 'yar jakarsa da gorar ruwa. Ya yi salla a bakin ƙofa, ya sa aka zuba tuwo aka ajiye gaban yarinyar a teburin kusurwa, sannan ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu.

An daɗe babu abin da ya motsa sai labule. Tsakuwa ta sauka sau uku. Can sai yatsun Kauthar suka fara murɗewa, ta ɗago kai, fuskarta ta yi wani irin tsufa.

"Malam, rage murya. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Baƙuwa."

"Baƙuwar kirki da sallama take shiga. Me ya kawo ki jikin yarinyar mutane?"

"Ba shigowa na yi ba, kirana aka yi. Tambayi uwarta."

Malam ya juyo. Saudatu ta dafe ƙirji. "Ni? Wallahi Malam ban taɓa zuwa wurin boka ba."

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Wa ya ce boka? Me kike cewa in kin zauna a teburin nan?"

Nan Saudatu ta tuna. A Zariya ta tashi, gidan mutum talatin, inda ba a buɗe kwano sai an ɗaga murya an yi tayi. Kwanakin farko na shagon, in magariba ta yi babu kowa, Kauthar na ɗaki da waya, sai ta zubo ragowar abinci ta zauna a kusurwa. Bakinta da kansa yake cewa, "A zo a ci abinci." Ga ɓacin rai, ko bisimilla ba ta tunawa. Shago babu kowa, ta yi ta tayi.

"A gindin dutsen can nake," in ji tsohuwar. "Da akwai ƙauye, mata na girki, ina jin hayaniyarsu. Aka tashe su aka yi gidaje masu katanga. Dangina ma duk suka watse. Shekara arba'in babu wanda ya ce mini zo. Sai ita."

"Tayin ba naki ba ne," in ji Malam. "Kin cinye albarkar abincinta, kin kore mata mutane, yanzu kina cin 'yarta. Fita."

"Zan bar yarinyar. A riƙa ajiye mini kwano ɗaya kullum."

"Yau kwano, gobe zakara, jibi ki dawo kan yarinyar. Babu."

"To ba zan ci ba. In zauna kawai, in tana ci."

Allah ya sani, sai da bakin Saudatu ya motsa zai ce to. Malam ya gani.

"Hajiya, dubi wuyan 'yarki. Ke kika yi tayi, ke za ki janye. Karatuna ba zai rufe ƙofar da kike riƙe da ita a buɗe ba."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗauke kwano a gaban baƙo ba. A gidansu abin kunya ne da ake goranta wa mutum har jikoki. Ta taso, ta yi bisimilla, ta sa hannu biyu ta ɗauke tuwon.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Ba da ke nake ba. Ki tashi."

Idanun nan suka daɗe a kanta. Babu fushi a cikinsu.

"Na tashi. To ke, da wa za ki ci?"

Malam ya ɗaga murya da karatu, ya yayyafa ruwan tofi. Kauthar ta yi atishawa sau uku, ta kife kan tebur. Labulen ƙofa ya ɗaga ya koma, alhali babu iska. Da ta farfaɗo ta dubi uwarta ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Malam ya ce an rabu, in dai za a riƙe azkar. Amma zuciyar uwa ba ta jin an rabu. Duk sanda Kauthar ta yi shiru ko ta kalli kusurwa, sai gaban Saudatu ya faɗi. Kwana shida ta iya daurewa. Ran na bakwai ta haɗa mata kaya, ta raka ta Zuba, ta sa ta a motar Zariya wurin kakarta, inda gida cike yake da mutane. Ta tsaya har motar ta ɓace.

Ta dawo ana kiran magariba. Mutum biyu ne suka ci abinci ranar, ba su yi ƙorafi ba, ba su kuma yaba ba. Ta kulle ƙofar titi, ta yi salla, ta zuba tuwo. Ba ta zauna ba. A tsaye ta ci a madafa, ta yi bisimilla a hankali, ta kama bakinta.

Miyar ta yi daɗi ƙwarai. Babu wanda za ta gaya wa.